An gano uban igiyar da ta tashi marainiya

Jama'a, wallahi na ga abin da ya hana ni barci! A bakin kogin Copalis, a jihar Washinton ta Amurka, akwai wani daji na matattun itatuwa, furfura fat, babu ganye babu reshe, suna tsaye cikin fadamar ruwan gishiri inda ko kusa irinsu ba sa tsirowa. Mai tuƙa mana kwalekwale ya kankare gefen gaɓa da shebur, sai ga ƙasar daji baƙa ƙirin a can ƙasa, a kanta siririn layin yashi, a kan yashin kuma laka. Wato ƙasar ce ta nutse farat ɗaya a wata girgizar ƙasa, teku ya kwararo ya shimfiɗa yashi, gishiri ya ƙarasa itatuwan. Irin wannan shaida Brian Atwater ya bayyana wa duniya a 1987. David Yamaguchi kuma ya ƙirga zobban da itace ke ƙarawa duk shekara, aka tarar zoben ƙarshe a saiwoyin na 1699 ne.

To, ina labarin ranar? A nan ne kaina ya fara juyawa, domin amsar tana can ƙetaren Tekun Fasifik, cikin littattafan magatakardan Japan. A daren 8 ga wata na 12 na shekara ta 12 a zamanin Genroku, ruwa ya auka wa garin Kuwagasaki da tsakar dare, ya rushe gidaje, gobara ta biyo baya. A Nakaminato jirgin dakon shinkafa ya tarwatse. Dagacin Miho ya rubuta mamakinsa, domin ƙasa ba ta motsa ba. Mutanen da suka saba girgiza ce ke yi wa sunami sallama, ga sunami ba girgiza! Shi ya sa daga baya aka laƙaba mata marainiya.

Yadda Kenji Satake da abokan aikinsa suka nemo ubanta a 1996 shi ne ya kashe ni da daɗi. Igiyar sunami ba ta gudu yadda ta ga dama. Zurfin ruwa ne ke yanke mata sauri, a tekun da ya kai zurfin mita 4,000 tana cin kusan kilomita 700 a awa. Saboda haka daga gaɓar Amurka zuwa Japan tafiyar kimanin awa 10 ce. Aka cire awa 10 daga tsakar daren magatakarda, aka daidaita kalanda da bambancin agogo tsakanin Japan da Amurka, sai ga amsa: 26 ga Janairu, 1700, wajen ƙarfe 9 na dare. Girgizar da babu na'urar da ta auna, an san har sa'arta! Kuma labarin baka na mutanen Huu-ay-aht na tsibirin Bankuba yana cewa da dare ƙasa ta girgiza a lokacin hunturu, ruwa ya share ƙauyen da ke gaɓar Pachena.

Sauran aikin na kwamfuta ne, kuma bin sawu ne da baya. A yankin Kaskadiya, inda dajin nan yake, faifan ƙasa na Juan de Fuca yana kutsawa ƙarƙashin na Arewacin Amurka, bakinsu ya cije, ƙarfi na taruwa. Masana sukan yanka wannan mahaɗa gunduwa-gunduwa a lissafi, su ce wannan ta zame mita kaza, waccan mita kaza, su lissafa yadda gindin teku zai ɗaga, galibi da dabarar da Yoshimitsu Okada ya fitar a 1985, sannan su saki igiyar ta ƙetare teku a allo, su duba ko tsayinta ya dace da ɓarnar da aka rubuta. Bai dace ba, a sake. Da aka gwada girgiza mai maki 8, abin da ya isa Japan bai taka kara ya karya ba. Sai da aka tsage kusan duk mahaɗar, kimanin kilomita 1,100 daga arewacin Kalifoniya zuwa Kanada. A 2003 Satake da Kelin Wang da Atwater suka sa ƙarfinta tsakanin maki 8.7 da 9.2, zamewar kuma kusan mita 19.

Ni dai a ganina jaruman labarin nan magatakardan ne. Duk ƙarfin kwamfuta, da dagaci ya yi kasala bai rubuta kwanan wata ba, da sai dai a yi ta kame-kame. Kuma tazarar 8.7 zuwa 9.2 ba ƙarama ba ce, domin zamewa iri-iri na iya haifar da igiya kusan ɗaya a Japan, ga kuma wahalar tantance ko teku a cike yake ko a janye a daren.

A hanyar komawa na yi nawa ɗan lissafin a bayan takarda. Faifan na matsawa santimita 3 zuwa 4 duk shekara, an kuma haura shekara 320. Kusan mita 10 ke nan ko fiye a maƙale, ga biranen Siyatil da Fotland da Bankuba zaune a gefe.