A Bayan Babur a Kuluba

Daga Yamai muka tashi bayan asuba, a shekarun da hanyar Torodi zuwa Kancari ke da lafiya, mota ta ratsa Fada Ngurma da Kupela hankali kwance. Ta wannan yanki fataken goro ke bi a dā in za su Gwanja. Wasunsu suka sauke kaya a Wagadugu ba su ƙara ɗauka ba, kuma wurin jikokinsu na sauka, a unguwar Kuluba.

Kuluba a tsakiyar gari take, kusa da filin jirgin sama, har in jirgi zai tashi sai a dakata da hira. Mai masaukina dattijo ne, ɗan asalin Zangwetin, tsohon zangon Hausawa da aka rushe a 2003 domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Aka kwashe mutane zuwa gefen Waga 2000 da Nioko, shi kuwa ya matsa kaɗan ya zauna, don ya ce ba zai iya nisa da babban masallaci da kasuwar Rood Woko ba. Ya nuna mini wani fili ya ce nan ne zauren mahaifinsa. Daga nan bai sake tada zancen ba.

Abin da ke fara cika idon baƙo a garin nan babur ne. Ba 'yan acaba ba, kowa da nasa: ma'aikaci, ɗaliba, mai tallan kayan miya da kwando a baya, uwa da goyo da wani yaron tsaye a gabanta. Masu hali na kan Sirius da Crypton, tsofaffi na lallaɓa P50 ɗinsu. A titin Charles de Gaulle har hanya daban aka ware musu, in danja ta ba da hannu sai su kwararo kamar an buɗe madatsar ruwa. Ko'ina ka tsaya akwai mai gadin babura da zai ba ka tikiti ka ba shi kuɗin gadi. Na tsaya a bakin titi ina kallon kawuna: ɗankwali, kitso, hula, aski tal. Hular kwano sai jefi-jefi.

Da la'asar matasan unguwa kan fito wani layi mai kwalta, su ɗaga tayar gaba su yi ta gudu a kan taya ɗaya, yara na ihu. Irin wasan da muke gani ke nan a Kano ranar ɗaurin aure. Mai tafiya a kan taya ɗaya in ya kuskure, baya yake faɗuwa, ƙeya ce ke fara isa ƙasa, hannu ba ya samun damar tarewa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya rufe kai.

Na ce, "Baba Alhaji, babu doka ne a kan sa hular kwano?"

Ya yi dariya. "Doka ta girme ka, ɗana. Bin ta ne ba a haifa ba."

Gaskiyarsa. Tun 1978 aka wajabta hular kwano a ƙasar, lokacin ana kiranta Haute-Volta. A 2005 aka ƙara da cewa duk mai sayar da babur ya haɗa da hula. Da hukuma ta tashi tilasta wa jama'a a farkon Satumban 2006, zamanin Simon Compaoré yana magajin gari, sai birni ya hargitse, matasa suka tare tituna suka ƙona tayoyi, gwamnati ta janye. Bayan haka aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ONASER a 2008, wadda a lokacin ta fi ba da ƙarfi ga wa'azi da jan hankali.

Mu ma ba mu da bakin yi musu dariya. Da aka ce kowa ya sa hular kwano a Najeriya ranar 1 ga Janairun 2009, 'yan acaban Kano ƙwarya suka kifa a ka, wasu da tukunya. Sai dai fasinjanmu yana da ɗan uzuri, domin hular da kai ɗari suka yi wa gumi za a miƙo masa, ga tsoron ƙyasfi, ga jita-jitar asiri. Mutumin Wagadugu babur nasa, kai nasa, hular ma da tasa za ta kasance. A ganina uzurinsa ya fi namu rauni.

Duk da haka na saurari dalilansu, kuma ba duka ne na banza ba. Zafin Maris da Afrilu a garin nan kan haura digiri 40. Mata suna kukan kitso da ɗaurin kallabi. Alhaji kuwa tambayarsa ita ce, ranar Juma'a ya sha babbar riga, ina zai kai zanna bukar ɗinsa? Na ce ya sa ta a ƙarƙashin sirdi har ya isa ƙofar masallaci. Ya dube ni, ya ce ajali ba ya tsoron kwano. Na tuna masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin hula mai kyau na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Kuma ba kowa ke mutuwa ba. Da yawa asibitin Yalgado ake kai su, su dawo gida ba magana, iyali su yi ta jinya shekaru.

'Yar autarsa ce ta raba gardamar. Tana zuwa jami'a a kan babur kullum, ta ce ita tana so, kuɗin ne ba a ba ta ba. Washegari muka je wajen masu kayan babur a gefen Rood Woko. Aka fara miƙo mana ta 'yan gini, roba zalla ba komai a ciki, ta ƙi. Ta zaɓi mai kaurin soso da maɗauri a haɓa, ta gwada ta a kan hijabinta, ta girgiza kai ta ga ba ta motsi. Alhaji ya yi ciniki har mai shago ya gaji, ya biya, sannan ya gyara zaman hularsa ya tada babur, ni kuma na hau baya ya kai ni tashar motar Bobo.