Kaza da Akurkinta

Cikin dabbobin da mu ke kiwo a ƙasar Hausa babu wadda ta kai kaza yawa, babu kuma wadda a ke wulakantawa kamarta. Doki yana da barga, da ɗan barga, da mai yanko masa ciyawa. Saniya tana da makiyayi mai bin ta dawa tun safe har maraice. Ko akuya ma a kan kafa mata turke a zuba mata harawa. Amma kaza, iyakar rabonta a buɗe mata akurki da asuba, ta tafi ta nemi abin da Allah ya ba ta. Ga shi kuwa ran da baƙo ya sauka ita a ke kamawa. Ran da yaro ya komo gida ya ce malam ya ce a kawo kuɗin littafi, ita uwarsa ke ɗaure wa ƙafa ta ba shi ya kai kasuwa. Da yawa daga cikinmu, 'yan'uwana 'yan makaranta, dukiyarmu ta fari a duniya wata 'yar sagara ce da kaka ta ba mu, aka ce in ta yi albarka a musanya ta da akuya. Saboda haka kada kowa ya ga maganar kaji ta yi ƙanƙanta a kawo ta cikin wannan mujalla. Dukiyar mata ce da yara, watau waɗanda ba su da wata.

Mutanenmu su kan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Maganar gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Abin da ba na so shi ne yadda a ka mai da ita mafakar ragwanci. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 10, bayan wata 2 ka ga 3 kaɗai ke bin ta, in ka yi magana a kawo maka wannan karin magana. Ni kuwa na lura, yawancin abin da ke cinye sauran nan 7, abu ne da a ke iya tare shi da yumɓu da kara da ɗan kula.

Mu fara da akurki, gama nan ne tushe. Kowa ya san irin namu: ɗan ginin laka kamar tukunya a kife, ko kuwa ƙarƙashin rumbu a toshe, da kafa guda ɗaya wadda hannu ma da ƙyar ya ke shiga. Da dare a tura kaji duka ciki, manya da ƙanana, har da agwagi da zabi, a danne bakin da dutse. Abin da ya ke da kyau game da shi ɗaya ne, muzuru ba ya samun hanya. Amma wanda duk ya taɓa ɗauke dutsen nan da sassafe ya san hucin da ke bugun fuska, da warin da ke sa ido hawaye. To, cikin wannan ne kaza ta kwana tana numfashi. Ku tuna kaza ba ta yin gumi kamar mutum, jikinta kuwa ya fi namu zafi, ya kan kai awo 41. In zafi ya dame ta ba ta da dabara sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Akurkin da ba shi da kafar iska, da bazara, bai rasa komi da tanderu ba.

Gyaran abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗan ɗaki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 ya ishi kaji 10 kwana. A yi shi a kan tudu inda ruwan damina ba ya kwanciya, a inuwa in da hali. A bar 'yan tagogi can sama kusa da jinka, a toshe su da ragar waya ko saƙar kara mai ƙarfi, don iska ta riƙa ratsawa ta bisa kawunansu, ba ta buge su kai tsaye ba. A kuma juya bayan ɗakin wajen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Ƙofa kuwa, wannan ita ce babbar magana, a yi ta yadda mutum zai iya shiga da tsintsiya, ko aƙalla hannunsa ya kai ko wace kusurwa. Ɗakin da ba a iya share shi ba za a share shi ba har abada. Sa'an nan a gicciya sanda kamar ƙafa 2 daga ƙasa, ko wace kaza a ba ta wajen taƙi guda, domin halinta ne ta kwana a bisa, shi ya sa in an ƙyale ta ta kan haye bishiya. In ta hau sanda ta rabu da kashinta. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa a ƙasa, a riƙa kwashewa ana sakewa. Abin da a ka kwashe kada a zubar. A tara shi ya ruɓe tukuna, gama ɗanyensa ya kan ƙone shuka, sa'an nan a kai lambu. Ban san takin da albasa da tumatir su ka fi so kamarsa ba.

Akwai wani maƙiyi da ke zaune cikin bangon akurki wanda mutane kaɗan ne su ka taɓa ganinsa. Wata irin kaska ce mai laushin jiki, shimfiɗaɗɗiya, wadda ke ɓuya cikin tsagar laka da rana, da dare ta fito ta sha jinin kaji ta koma, daidai yadda kuɗin cizo ke yi wa mutum. Mai kaji ya duba jikin kazarsa da rana bai ga komi ba, ya rasa abin da ke ramar da ita. Bayan shan jini kuma tana sa musu wani zazzaɓi mai kisa. Ta kan daɗe ƙwarai ba ta ci komi ba kuma ba ta mutu ba, don haka barin akurki ba kowa na wata guda ba ya kore ta. In kaji su ka fara ƙin shiga akurki da magariba, kada a yi ta korarsu da sanda, a ɗauki fitila da dare a duba bango. Maganinta a yaɓe ko wace tsaga sumul, a shafe da farar ƙasa. In akurkin na laka ne zalla, nesa da danni da jinka, a fid da kajin a cusa ciyawa a babbake cikinsa. Don ƙwarƙwata da ƙuma kuwa, a tara toka da rairayi a wani busasshen wuri, su da kansu za su je su yi birgima.

'Yan tsaki su ne a ka fi hasara. Kaza ta kan yi kwana 21 a kan ƙwai, in na zabo a ka sa mata kuwa kamar kwana 28. Kazarmu ta gida ƙarama ce, in a ka tara mata ƙwai fiye da 10 ko 12 ba ta iya rufe su, na gefe su yi sanyi su zama baragurbi. Ran da ta sauko daga gurbi, sai ta ja 'ya'yanta ta nufi juji da bayan gari, cikin raɓa, shirwa kuwa tana bisa tana lissafi. Dabarar da na gani ta fi amfani ita ce a kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando mai sarari, a inuwa, a riƙa gusar da shi zuwa sabon wuri kullum, har su yi mako 6 gashinsu ya fito. Amma wanda ya tsare su ya ɗauki nauyin cinsu. Tsaki da dusa kaɗai ba sa gina jiki. A tsofaffin gidaje a kan cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara cikin tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri da maraice. Da safe a ɗauko ta cike da gara a zazzage wa 'yan tsaki. Wannan dabara ta kakanni ba ta da abin kushewa, abin da gara ke ba su shi ne masu gidan gona ke sayen garin kifi da waken soya dominsa. Ruwansu kuma a zuba a kasko marar zurfi, a jefa tsakuwa ciki don kada su faɗa su jiƙe.

Manyan ba su da wuya. Hannu guda na dawa ko gero da maraice, a bakin akurki, ya kan koya musu komowa gida da wuri. Mai yin ƙwai tana bukatar abin da za ta yi ɓawo da shi, sai a ƙona ƙashi a daka mata. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a inuwa. Abin kunya ne kaza ta rasa abin sha sai ruwan kwata.

To, duk wannan mai sauƙi ne in an gwada shi da annobar hunturu. Babu wanda ya tashi a ƙauye bai gan ta ba. Yau kaza ta takure, fukafukanta sun zubo kamar ta yafa riga, tana zawo kore, tana miƙa wuya tana neman numfashi. Wadda ta jima kuma wuyanta ya murɗe tana juyi wuri ɗaya. Kafin mako 2 unguwa ta yi tsit. Wani hutu da na je gida na kwana uku ban ji carar zakara ba da asuba, sai kiran salla kaɗai, har abin ya ba ni tsoro. Turawa suna kiranta ciwon Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda a ka gan ta a 1926, shekarar da kuma a ka gan ta a tsibirin Jawa. A Nijeriya an fara tabbatar da ita wajen Ibadan a 1952.

A nan ne na ke rabuwa da tsofaffinmu. Su kan jiƙa sassaƙen maɗaci ko barkono ko gautan kaji cikin ruwan sha, na yanzu kuma su kan fasa kafso na mutane su zuba. Wanda kazarsa ɗaya ta tsira ya ce magani ya ci. Ai ko ba a ba da komi ba a kan sami wadda ta tsira. Abin da ke kawo ciwon wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, irin da masana ke kira bairos, kuma har yau ba ta da magani in ta kama. Kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan, ɓarnar kuɗi ce kawai. Ba kuwa iskar hunturu ce ke haifar da ita ba, ko da ya ke sanyi yana taimakonta. Ƙafa ce ke kawo ta: kaza da a ka sayo a kasuwa, ko a ka kawo kyauta, ko kwandon dillali, ko takalmin wanda ya taka kashin marar lafiya. Agwagwa ma ta kan ɗauke ta ba ta nuna alama ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da mutum ya ga biyu sun mutu sai ya kwashi sauran ya ruga kasuwa ya karyar da su. Masu son araha su saya, ko wanne ya kai wa garinsu. Shi ya tsira da 'yan kuɗinsa, ya hallaka kajin ƙauyuka biyar. Ko wace baƙuwar kaza, ko daga gidan surukai ta fito, a ware ta mako 2 cur kafin ta gamu da na gida, domin ciwon ya kan ɓoye a jiki har kwana 15. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa juji karnuka su ja ta gida gida.

Wannan binnewa tana da wani dalili kuma. A watan Fabrairu na 2006 a ka tabbatar da wata irin murar tsuntsaye a wata gonar kaji ta jihar Kaduna, karo na fari ke nan da a ka ga irin wannan a Afirka, a 2007 kuma ta kashe wata mace a Ikko. Da ido ba a iya rarrabe ta da ciwon Niyukasil, ita kuwa tana kama mutum. Saboda haka in kaji suna zubewa farat ɗaya, al'adar nan ta a yi maza a yanka kafin ta mutu a sa a tukunya ba ta da kyau. A hana yara taɓa su, a sanar da malamin dabbobi.

Abin farin ciki, ciwon Niyukasil yana da rigakafi. Ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin irinsa dabam dabam. Wanda ya fi dacewa da kajin ƙauye shi ne wanda a ke kira I-2, da a ka samo asalinsa a wata jami'a ta ƙasar Ostareliya, domin ya fi sauran jure zafi, ba ya saurin lalacewa a hanya in an naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen ƙyalle an kāre ta daga rana. Ba allura a ke yi ba, ɗigo guda ne a ido, babba da ƙarami duk ɗaya. Sai dai a kiyaye abu uku. Lafiyayyu a ke ɗiga wa, gama ba ya warkar da wadda ta kamu. Ya kan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin ya kama jiki, don haka da kaka ya kamata a yi, tun hunturu bai shigo ba. Ƙarfinsa kuma ya kan ragu, sai a maimaita bayan ko wane wata 4.

Wahalarsa guda ita ce kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, in an haɗa ta da ruwa kuwa ba ta ajiyuwa. Mace mai kaji 7 ba za ta tafi birni ta sayo ta don kanta ba. Sai an sami wanda zai bi gida gida ya ƙidaya kajin unguwa, ya tara kuɗin, ya sa rana, ya gaya wa kowa kada ya buɗe akurki ran nan da safe sai an zo. Aiki ne na mai iya rubutu da lissafi, wanda maigari ke jin maganarsa, wanda kuma ya ke da yara 40 masu kai saƙo har cikin ɗakin uwayensu, inda namiji baƙo ba ya shiga. Mu da za a rarraba ƙauyuka in mun gama nan, ban ga wanda wannan siffa ta fi dacewa da shi kamarmu ba. Ni dai na yi niyya, duk makarantar da a ka kai ni, littafin da zan buɗe bayan na sunayen yara shi ne na ƙidayar kajin gidajensu, ɗigon fari kuwa a yi shi kafin a gama yankan dawa.