Tattaki A Bakin Kwazazzabo

'Yar'uwa mai karatu, tsakaninki da Allah yaushe rabonki da tafiyar ƙasa wadda ba ta biki ba, ba ta asibiti ba, ba kuma ta gaisuwar mutuwa ba? Na san sai kin yi dogon tunani.

Mu nan ƙasar Tambuwal da Kebbe ba mu da manyan duwatsu. Abin da Allah Ya ba mu shi ne tuddai jajaye na marmara masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, sai kwazazzabai da ruwan damina ya yanka yana biɗar hanyarsa zuwa Gulbin Zamfara. Akwai guda a bayan ƙauyen Goggona can ƙasar Kebbe, wanda muke bi in mun je hutun kaka. Tafiya ce ta kamar awa ɗaya, ba hawa ba gangara mai wuya, tsohuwa da mai goyo duk suna yin ta.

Kai, wurin nan da kyau yake! In kika tsaya a baki kika leƙa, sai ki ga ƙasa hawa-hawa kamar an jera atamfofi a akwati, ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, fara a can ƙasa, tsuntsaye sun huda ramukansu a jikin gaɓar suna shiga suna fita. Ciki kuwa rairayi ne mai sanyi, in kin tona da hannu kaɗan ruwa ya taso. Ga kanya, ga goruba, ga gawo ya cika da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu, don shi da damina yake tsayawa tsirara. Goggo kan yi mini dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika kallo ga rami?" Amma ita ma sai ta zauna, ta kwance bakin zane ta ɓare mana gyaɗa, a nan kuma take faɗin maganganun da ba ta taɓa faɗa a tsakar gida.

A Amurka akwai wani makeken kwazazzabo da ake kira Grand Canyon, kogin Kolorado ne ya haƙa shi, an mai da shi gandun shaƙatawa na ƙasa tun 1919, mutane na biyan kuɗin jirgi don kawai su taka bakinsa. Namu ko jikansa bai kai ba, amma dai aikin ruwa ne duka biyun, kuma namu kyauta ne.

To yanzu wa zai je? Tun da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan yankin, macen da ta fita itace ma zuciyarta a hannu take har ta dawo. Ana lissafa shanun da aka kore da kuɗin fansa, ba mai lissafa wannan 'yar walwala da aka raba mata da ita.

Mu na cikin gari kuma ba ɗan bindigar da ya tsare mu, sai tsoron bakin mutane. Daga ɗaki sai madafa, ƙafa ta kumbura, hawan jini ya shigo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ni dai na nemi izinin Malam, da farko ya ce, "Tafiya ba inda za ki, wannan wace irin tafiya ce?" Da ya ga takardar awon jinina sai ya yi shiru. Yanzu ni da maƙwabtana biyu, da hijabanmu, bayan sallar asuba muke fita har gindin wata kuka a bakin gari mu juyo, kafin yara su tashi neman koko.