Gida ko Kayan Gida: Darasi daga Gyaran Filashi

Daga cikin kayan zamani da suka shiga aljihun ɗalibi da malami, da wuya a sami wanda ya kai filashi ƙanƙanta da ɗaukar amana. Tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, amma a cikinsa ake zuba kundin bincike da tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. A shekarar 2000 ya fara shiga kasuwa, lokacin da kamfanin Trek na Singafo ya fitar da ThumbDrive, kamfanin IBM kuma ya fara sayar da DiskOnKey mai ɗaukar megabayit 8 kacal. Tun daga nan girman cikinsa yake ta ƙaruwa, kuɗinsa yana raguwa, har mutane suka saki jiki da shi fiye da kima.

Idan aka fasa murfin filashi, galibi abubuwa biyu ake tararwa a kan ɗan allonsa. Na farko shi ne ma'adana, irin wadda Fujio Masuoka da abokan aikinsa a kamfanin Toshiba na Japan suka gabatar a 1987, ana kiranta NAND. Na biyu shi ne mai sarrafawa. Ma'adanar tamkar babban sito ce mai dubban ɗakuna, mai sarrafawa kuwa shi ne magatakardan da ke riƙe da rajistar kaya. Ɗakunan nan suna gajiya idan aka yawaita sharewa da sake zuba musu kaya, don haka magatakarda yake rarraba aiki a tsakaninsu, yana kuma rufe waɗanda suka lalace. Shi kaɗai ya san inda kowane yanki na fayil yake. Umarnin da yake bi wajen wannan aiki shi ake kira manhajar ciki.

Ciwon filashi iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke jawo asara. Akwai ciwon sama, inda fayiloli suka ɓace ko kwamfuta ta ce a yi fomat, alhali tana ganin girman filashin daidai. A nan magatakarda lafiyarsa ƙalau, manhajoji irin su TestDisk da PhotoRec na iya tsamo kaya da dama, muddin ba a zuba wani sabon abu a kai ba. Akwai kuma ciwon ciki, inda kwamfuta take nuna girmansa sifiri ne, ko ta ce babu komai a jone, ko kuma ya ƙi karɓar rubutu da sharewa baki ɗaya. Wannan yakan faru idan an fizge shi yana tsakiyar aiki, ko wuta ta ɗauke, ko ma'adanar ta tsufa. Kaya suna nan a sito, amma rajista ta dagule.

Wata ɗaliba da ke zangonta na ƙarshe ta taɓa kai irin wannan filashi wurin wani dattijon mai gyaran kwamfuta, saura mako biyu a miƙa kundi. Ya jona, ya duba, sannan ya ɗago kai.

“'Yata, filashin kike so ko abin da ke cikinsa?”

“Baba, ai duka biyun.”

“To, a hannuna ɗaya za ki samu. In na gyara shi zai dawo sabo fil, amma ko harafi ɗaya na aikinki ba zai rage ba.”

Ta karɓi abinta ba a taɓa ba. Babi uku ta sake bugawa daga takardun da malaminta ya yi wa gyara da jan biro, na huɗu kuwa sai da ta sake rubuta shi tun daga tushe. Tambayar dattijon ita ce farkon ilimin wannan sana'a, domin mai gyaran da ya tsallake ta yakan yi gyaran gangar Auzinawa.

Idan mai filashi ya haƙura da kayansa, ga yadda aikin yake tafiya. Da farko mai gyara zai gano ko wane ne magatakardan, domin sunan da ke jikin murfi ba ya nuna hakan. Kamfanoni ƙalilan ne suke ƙera masu sarrafawa, irin su Phison da Silicon Motion da Alcor Micro na Taiwan. Manhajar ChipGenius takan bayyana lambar mai sarrafawa da ta ma'adana, in kuwa ta kasa sai a fasa murfi a karanta da ido. Daga nan sai a nemo manhajar da masana'anta take amfani da ita wajen haɗa wannan samfuri, kamar MPALL ga Phison ko AlcorMP ga Alcor. Ita ce za ta sake ɗora manhajar ciki, ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ta rufe matattu, ta buɗe sabuwar rajista babu komai a ciki. Shi ya sa wani lokaci girmansa yakan ragu bayan gyara. Idan aka ɗora wadda ba ta dace ba, filashin na iya yin shiru gaba ɗaya. Wanda kuwa kayansa suka fi ƙarfin a haƙura, sai ya nemi ƙwararrun da ke cire ma'adanar su karanta ta da na'ura ta musamman, aikin da kuɗinsa ya ninka na filashin sau da yawa.

Wannan ƙofa da masu gyara suke bi, ita macuta ma suke bi. Da irin waɗannan manhajoji ake sa ƙaramin filashi ya yi iƙirarin girman da ba shi da shi, sai ya yi ta karɓar fayiloli suna lalacewa a ɓoye. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw takan tona asirinsa ta hanyar cika shi da bayanai ta sake karantawa. Haka kuma a 2014, Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a taron Black Hat na Amurka cewa ana iya sauya manhajar ciki har filashi ya riƙa ba kwamfuta umarni kamar allon bugu.

Malamin gobe zai riƙe makin yara da takardun makaranta, waɗanda ɓatansu ya shafi wasu ba shi kaɗai ba. Saboda haka ya dace ya ɗauki filashi a matsayin ɗan aike mai kai saƙo daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Kowane muhimmin aiki ya kasance yana da kwafi a wuri biyu ko uku, a sallami filashi ta hanyar da ta dace kafin a zare shi, wanda aka taɓa farfaɗowa kuma kada a sake damƙa masa abin da babu madadinsa.