Zo Ka Karanta Mini

Ba a aji na fara jin sunan Balaraba Ramat Yakubu ba. A ɗakin yayata na ji shi, a garinmu Jajimaji da ke tsakanin Nguru da Gashuwa. Tana aji uku aka cire Yaya daga firamare aka yi mata aure, don haka boko bai zauna mata ba. Wata rana maƙwabciyarta ta zo da wani littafi daga kasuwar Nguru, Wa Zai Auri Jahila? Yaya ta are shi, ta miƙo mini, ta ce, "Ƙanena, zo ka karanta mini."

Dare biyar muka yi a gindin fitilar ƙwai. Da na kai inda aka raba Abu da makaranta aka haɗa ta da tsoho, sai Yaya ta ce in dakata. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce in ci gaba.

Daga baya na gane marubuciyar ciwonta take faɗa. Ƙanwar Janar Murtala ce, amma ita ma an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, sai da ta girma ta koma ajin yaƙi da jahilci a Kano. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne kuma a 1990.

Da kunya nake faɗa, da na shiga jami'a har da ni a masu yatsine fuska suna cewa "adabin kasuwar Kano". Muna nan muna raini, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki ta Ingilishi a 2012, daga alƙalamin Aliyu Kamal. Sai da baƙo ya yaba muka tuna gwal ɗin na gidanmu ne.

Komawarta rubutun fim ma na ɗauka koma-baya ce, sai da na kai ziyara gida na tarar Yaya tana kallon Juyin Sarauta, wanda ya fito a 2017. Na gyara zama zan yi mata sharhi irin namu na malamai, sai ta ɗaga mini hannu.

"Malam, yi shiru," in ji ta. "Wannan ba sai an karanta mini ba."