Daga Faru Zuwa Agadas Da Ɗan Guzuri

'Yan'uwana matan aure, da ku 'yan makaranta, sau da yawa in ana hira aka ambaci wani gari mai nisa, sai in ji wata ta yi ajiyar zuciya ta ce, ai yawon ganin duniya sai mai kuɗi. To, yau ina so mu auna wannan magana mu ga ko ta kai nauyin da a ke ba ta. Ni dai mutuniyar Faru ce, ta ƙasar Maradun, maigidana kuwa manomi ne. Amma cikin sanyin shekarar 2011 na tashi, ni da ƙanena da wata gwaggonmu, muka bi ta Sakkwato, muka ƙetare iyaka har Agadas, kana muka komo ta Damagaram da Daura da Kano. Kwana 19 muka yi. Kuɗin tafiyar kuwa adashi ne na ɗauka, na haɗa da na tunkiya biyu da na kiwata.

Kada wata ta ce wannan sabon abu ne da ba mu gada ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana zaga ƙasar Zamfara yana wa'azi, Faru kuwa tana cikin garuruwan da ya zauna. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata su kan taso ƙungiya ƙungiya daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu wurinta. Su ne a ke kira 'Yan Taru, shugabarsu kuwa jaji, mai malfa a ka. Da ƙafa su ke zuwa, tsofaffi da 'yan mata, da ɗan abin da suka samu na hatsi ko zuma. Wace ce a cikinsu ta jira sai ta yi arziki kafin ta kama hanya?

Abu uku ne ke cinye kuɗin matafiyi, watau kaya da abinci da masauki. Bari in gaya muku yadda muka yi da kowanne.

Na farko kaya. Kowaccenmu jaka guda ta ɗauka, irin wadda 'yan makaranta ke ratayawa a baya. Na ji Turawa masu yawon buɗe ido suna alfahari da wannan dabara, amma mu da muka saba goyo, wa zai koya mana ɗaukar nauyi a baya? Cikin tawa akwai zane biyu, da riga biyu, da mayafi, da bargo, da darduma, da tocila, da sabulu, da man kaɗanya saboda kaushin hunturu, da maganin zazzaɓi. Buta kuwa a hannu. Jakar da za ta zauna a cinyarki, ɗan kamasho ba ya yanka mata kuɗin kaya, ɗan dako kuma ba ya ganin komi naki. Kuɗina na raba uku: kashi ɗaya a lalita a ƙugu, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a bakin zane na kashewar yini. Na komawa gida kuwa tun daga Faru na ƙulle shi daban, na mai da shi kamar ba nawa ba.

Na biyu abinci. Kwana biyu kafin mu tashi muka gasa hoce, muka daka ƙuli-ƙuli da yaji, muka ƙulla garin rogo da busasshen zogale da dabino. In rana ta yi, sai mu jiƙa gari mu kwaɗa, mu sayi nono a bakin hanya. Mai ci a tasha kullum sau uku, kafin ta kai rabin hanya lalitarta ta yi sanyi.

Na uku masauki, shi ne kuwa babban asirin. Fataken dā ba su san gidan baƙi na haya ba. Kowane gari suna da zango, suna da fatoma wanda zai sauke su ya tsare musu dukiya. Mu ma haka muka yi. Wata guda kafin tashi gwaggo ta zauna ta lissafa dangi da surukai da abokan cinikin mijinta marigayi da ke kan hanyar nan, aka aika wa kowa. Ko ina muka sauka da ɗan goro da ƙullin daddawa a hannu. Ba mu wuce kwana uku a gidan kowa ba, kuma ba mu zauna muka miƙe ƙafa ana yi mana hidima ba, da mu a ke daka, da mu a ke wanke-wanke. Cikin kwana 19, sau biyu kaɗai muka biya kuɗin ɗaki. Zumunci a ƙafa ya ke, in ji manya, ni kuwa na ƙara da cewa yana rage kuɗin hanya.

To, me muka gani? Ranar Talata muka fito, don ran kasuwar Mafara mota ba ta wuya. A Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, muka ziyarci Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817. Kabarin Nana Asma'u yana nan kusa da na mahaifinta. Daga nan muka bi ta Illela muka shiga Birnin Ƙonni, ƙasar Nijar ke nan. Ku 'yan makaranta, ga ɗan lissafi. Can da sefa a ke ciniki, amma da dala a ke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai nono ta ce miki dala ashirin, sefa 100 ta ke nufi. Jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Gwaggo ta sa muka hardace wannan tun muna mota, saboda haka ba wanda ya rikita mu a kasuwa.

Da muka wuce Tawa sai ƙasa ta fara sakewa. Gonakin gero suka yi ta raguwa, bayan Abalak kuwa suka ƙare sarai. Ba ka ganin komi sai ƙaya da tumfafiya da aduwa jefi jefi, sai rijiya mai zurfi wadda Buzaye da Bararo suka kewaye da raƙuma da shanu, ana jan guga da jaki. Da rana iska mai ƙura, da dare sanyi kamar ya fasa ƙashi. Amma fa taurari! Tun da na ke ban taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta sun fito tar kamar yadda na gan su can ba.

Agadas gari ne na jar ƙasa. Tun daga nesa za ki hango hasumiyar babban masallaci, ta laka zalla, da itatuwa a soke a jikinta. An gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, tsawonta mita 27, watau kusan ƙafa 90. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Sarkin Abzin yana da fadarsa nan kusa da masallacin, Hausa kuwa ita a ke yi a kasuwa, har na ji kamar ban bar gida ba. Nan ne ayarin raƙuma ke sauke kantun gishiri daga Bilma, bayan sun ratsa rairayin Tenere. Ki tuna da wannan in kin ga tumakinki suna lasar kantu. Nan kuma Shehu ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana saurayi. Da malamin ya ɗaura niyyar Makka sai Shehu ya komo gida, don mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba.

A komowa muka bi ta Tanut muka sauka Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, sa'ad da Faransawa suka mai da shi Yamai. Mun zaga unguwar Birni, mun ga fadar Sarki da gidaje masu zane a bango, da manyan duwatsu a tsakiyar gari. A Daura muka leƙa rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya. A Kano muka hau Dutsen Dala, muka ga marinar Ƙofar Mata, muka kutsa Kasuwar Kurmi wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk waɗannan, abin da muka kashe na shiga bai kai kuɗin turmin atamfa ba. Gani ya kori ji.

Amma 'yan'uwa, ku saurara da kyau, don nan ne zancen ya ke. Akwai abin da a ke tsimi a kansa, akwai wanda ba a yi. Ba mu taɓa shiga motar dare don ta fi araha ba. Ba mu shiga mota a bayan tasha ba. Ba mu rage ruwa don jaka ta yi sauƙi ba, kowa da jarkarsa cike kafin a fita gari. Ba mu bi ɓarauniyar hanya a iyaka ba, da takardunmu muka wuce. Ban kuwa fita ba sai da yardar maigida da ta iyaye, kowa ya san inda za mu kwana kowane dare. In Shehu ya juyo daga Agadas saboda izini, ke wace ce da za ki sulale da asuba ba sallama?

Sa'an nan araha daban, banza daban. A tashar Agadas na ga 'yan mata sa'o'in ƙannena zaune jugum, suna jiran motar Libiya. Wani ne ya biya musu kuɗin mota, ya ce akwai aiki can. Wanda ya ce zai kai ki ƙasar da ba ki sani ba, ba sisinki, ki tambayi kanki da me za ki biya shi in kun isa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Hamada kuwa ba ta san tausayi ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga wajen Kance a ƙasar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Hausawa ne 'yan'uwanmu. Mu mun tsaya Agadas, iyakar inda mu ke da masauki da wanda ya san mu. Inda saninki ya ƙare, nan tafiyarki ta ƙare.

Na sani wata za ta ce, yau ina hanyar? Gaskiyarta. 'Yan bindiga sun hana mu sakat a ƙasar Maradun da Bakura da Mafara. Ba mu manta da 'yan makaranta 279 da aka kwashe a Jangebe cikin Fabrairun 2021 ba, ko da ya ke Allah ya komo da su. Iyaka ma an rufe ta a 2019, aka buɗe a ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, aka buɗe a 2024. A 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka ban ce kowa ta ɗauki jaka gobe ba. Wadda tafiya ta kama, ta tambayi direbobin da suka bi hanyar jiya, ta tambayi ma'aikatan iyaka irin takardar da a ke nema, in aka ce ba lafiya ta haƙura ta zauna. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da na ke tsoro shi ne yaranmu su tashi ba su san komi ba bayan ganuwar garinsu, zumuncin da kakanni suka shimfiɗa daga nan har Abzin ya mutu a hannunmu. Yarinyar da ba ta san hanya ba, ita mayaudari ya fi saurin ɗauka. To, ga abin da kowa za ta iya tun yau ba tare da ta fita ƙofar gida ba. Ki zauna da tsohuwar gidanku ta lissafa miki dangin da ke wasu garuruwa, ki rubuta a littafi, ki riƙa gaishe su ta waya. Ki sami taswira ki bi garuruwan nan da yatsa ke da 'ya'yanki. Ki riƙa jefa ɗan abin da ya samu a asusu. In biki ko jinya ko karatu ya kai ki Sakkwato ko Kano, ki roƙi rabin yini ki je Hubbare ko Gidan Makama, kada ki ƙare a kasuwar zannuwa kaɗai.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya buɗe hanyoyi, ya kai matafiya gida lafiya. Amin. Sai wani mako in Allah ya kai mu.