Zakin da ke Tsoron Tsintsiya

A daminar 2022 ɓarayi suka haura katangar gidan da muke haya a Agege, suka ɗauke janareta, suka bar mana igiyar shanya a tsinke. Ba su taɓa kowa ba, amma daga wannan dare barci ya ƙaurace mana. Maƙwabta suka ba mu shawarar mu nemi kare. Mu kuwa mutanen Zariya ne, mun tashi a gidajen da kare ba ya wuce zaure, in ma ya iso nan ɗin jifa ce rabonsa. Sai muka kai maganar gaban wani malami a unguwarmu. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau 7, kuma malamai da dama sun halatta ajiye shi don tsaro. Har ya ba mu labarin da ake bayarwa game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, wai da katangarsa ta faɗi sai ya ajiye kare, da aka tuhume shi sai ya amsa cewa da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Daga nan muka samo suna tun kafin mu samo mai sunan.

A watan Oktoba muka sayi Zaki a hannun wani saurayi da ke talla da 'yan kwikwiyo a kwali a bakin titi. Ja ne, mai farin ƙirji, bai fi tafin hannu biyu ba. Saurayin ya rantse mana ya kai wata biyu. Daga baya likita ta dubi haƙoransa ta ce da ƙyar in ya wuce mako 5 a lokacin da aka raba shi da uwarsa, alhali bai kamata a raba su ba kafin mako 8.

Abin da ya biyo baya laifinmu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa. Masu ba da shawara sun ce in ana son kare ya yi zafi, to a kulle shi a ɗaki mai duhu, kada ya saba da fuskar kowa, a riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo. Barkonon dai ba mu yarda da shi ba, amma kullewar mun yi. Mu duka biyu ma'aikata ne, tun da asuba muke fita don mu tsere wa cunkoson motoci, ba mu dawowa sai bayan magariba. Zaki ya yi kusan wata biyu a ɗakin ajiya, ba ya ganin kowa sai buhunan gawayi. Da muka fito da shi sai muka ga abin da muka shuka. In aka ɗaga tsintsiya sai ya saki fitsari. In baƙo ya yi sallama sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu. Daren shiga sabuwar shekara, da yaran Legas suka cika gari da nokawut, ya kwana yana makyarkyata a bayan buhu, washegari ko ruwa bai sha ba.

Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Dariyar ta ƙare ranar da ɗiyar maƙwabcinmu, yarinya 'yar shekara 4, ta bi shi har lungun tanki tana son ta shafa shi. Ba shi da wurin gudu, sai ya kai mata cizo a hannu. Allah ya taƙaita, ƙarzane ce kawai, kuma an riga an yi masa allurar ciwon haukan kare. Duk da haka muka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, muka garzaya da ita asibiti, don wannan ciwo in har alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a rayu. Mahaifinta bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Maƙwabtaka amana ce, Malam." Da zaginmu ya yi da ya fi mana sauƙi.

Likitar dabbobin da muka je wa ita ta fara wayar mana da kai. Ta ce akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 ko 14, wanda a cikinsa yake koyon abin da zai amince da shi a duniya. Wasu masana biyu a Amurka, Scott da Fuller, sun daɗe suna nazarin wannan, suka wallafa sakamakonsa a 1965. Wato daidai kwanakin da ya kamata Zaki ya ga yara da babura da tsintsiya, a lokacin muka rufe shi da gawayi. Ta ƙara da cewa yawancin karen da ke cizo matsoraci ne da aka toshe wa hanya. Ta kuma koya mana karanta jikinsa: hamma ba tare da barci ba, lasar leɓe, kawar da kai, kunnuwa a kwance. Duk waɗannan roƙo ne yake yi a ba shi wuri, mu kuwa da ba mu san yarensa ba sai mu ƙara matsowa.

Aikin gyara ba shi da wani armashi da za a ba da labari. Mukan ajiye tsintsiya can nesa, mu zauna a ƙasa ba tare da mun dube shi ba, mu riƙa jefa masa gutsuren busasshen kifi. Gobe a matso da ita taku ɗaya. In ya firgita a koma baya. Mako 3 muka yi kafin ya ci abinci ana shara a tsakar gida.

Amma fa yinin kaɗaici yana nan, kuma shi ke warware abin da muka ƙulla da dare. Nan ne likitar ta ambaci wani gida a wajen Ikeja inda ake karɓar karnuka da safe a mayar wa masu su da yamma, kamar dai gidan renon yara. Wannan al'ada daga ƙasashen Turawa ta zo, kuma mu kanmu sai da muka ji kunyar furta ta. A lokacin Inna, mahaifiyar ɗayanmu kuma surukar ɗayan, ta zo mana ziyara. Da ta ji inda za mu, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Yanzu ku, 'ya'yan nan, kare za ku kai makaranta? Almajirai nawa ke kwana da yunwa a garin nan?" Muka ce, "Gaskiyarki, Inna." Har yau ba mu da cikakkiyar amsar wannan tambaya. Abin da muka sani shi ne mu muka ɗauko dabbar, mu muka lalata ta, kuma in muka sake ta a titi wani yaron za ta ciza.

Masu gidan ba su karɓe shi kai tsaye ba. Sai da suka duba katin allurarsa, musamman ta cutar nan mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, wadda ta bazu a duniya tun 1978, suka kuma bincike shi ko yana da kaska. Ranar farko, cikin Maris na 2023, awa ɗaya kawai ya yi, a bayan waya, yana hangen sauran. Rana ta biyu wani sabon ma'aikaci ya yi gaggawa, ya sake shi cikin karnuka kusan goma, suka yanyame shi. Ya dawo gida ya koma ƙarƙashin tanki kwana biyu. Muka yi fushi, muka kusa fasawa. Mai gidan ta ba mu haƙuri, ta ce a sake gwadawa da kare ɗaya tak.

Wata tsohuwar karya aka zaɓa, baƙa, mai furfura a baki, wadda ba ta damu da kowa ba. Ko kallon Zaki ba ta yi ba, ta je inuwa ta kwanta. Mu muna leƙe ta taga. Ya yi wajen minti 20 a manne da bango. Can sai ya taka, ya tsaya, ya sake takawa, ya sansana wutsiyarta, ya ja da baya a guje. Ba ta motsa ba. Kafin azahar aka same shi kwance kusa da ita, ba ya taɓa ta, amma idanunsa a rufe. A mako na huɗu ne muka fara ganin ya duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi sama, wato gayyatar wasa irin ta karnuka. Ɗayanmu har da ƙwalla, ba za mu faɗi ko wane ne ba.

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya fi ƙarfinmu, muka rage zuwan ya koma Talata da Alhamis. Sauran ranakun wani tela da ke ƙofar gidanmu yakan leƙa shi da rana. Zaki bai zama mai gadin da muka saya ba. In an taɓa ƙofa da dare yakan yi haushi, amma daga bayan tanki yake yinsa, mu ne dai muke fitowa da tocila. Yarinyar maƙwabcinmu kuwa takan tsaya daga bakin ƙofa ta jefa masa kifi, mahaifinta na riƙe da ɗaya hannun nata.